Tsohon Famfo a Sabon Kwali

Gataa El Oued, Tamanrasset.

Zuwa ga ɗana Laminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya kai mu ranar tafiyarka lafiya, ya sauke ka In Gezzam lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya kuma tsare mutane daga abin da zai fito daga bakinka da hannunka. Amin.

Na san za ka yi mamakin uban da bango ɗaya ya raba ɗakinsa da na ɗansa, amma ya zauna yana rubuta masa takarda. Dalili shi ne sau uku ina zaunar da kai a makon nan, sau ukun kuma tsawa ce ta fito daga bakina maimakon magana. Kai kuma sai ka sunkuyar da kai kana ta "to Baba, to Baba", irin "to" ɗin da ke nufin an ji amma ba za a yi ba. Na san ta sarai, ni ma na yi wa nawa uban. Takarda ba ta da murya, don haka ka karanta ta har ƙarshe, kada ka ninke ta a rabi ka cusa a aljihu.

Raina a ɓace yake, Laminu, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ranar Talata ina zaune wurin mai shayin bakin layinmu, wani magini ya kunna wayarsa, sai kawai na ji muryar ɗana tana cewa: "'Yan'uwana 'yan Nijar, ku zo wurin naku. Kayanmu na asali ne daga kamfani, dubawa kyauta, garanti wata shida." Har wallahi ka haɗa, sau biyu. Mutanen da ke wurin suka juyo suna yi mini barka, wai ɗana ya zama babban mutum, mai garaji ya ɗauke shi zai riƙe masa sabon reshe a In Gezzam, can bakin iyakar Nijar. Na dawo gida na tarar Innarka ta tara matan gidan nan tana kunna musu, tana dariya har da riƙe baki. Ban iya cin abincin ranar ba.

Washegari na taka da ƙafata har babban garajin maigidan naka. Ban shiga ta gaban da aka shafe da fenti aka rataye fitilu ba, na zagaya ta baya. Na ga rabin duro cike da gazuwal, man dizal ɗin nan, na ga gwangwanayen baƙin fenti na fesawa, na kuma ga kwalayen kayan mota, babu komai a cikinsu, an jera su a inuwa an rufe da buhu don kada rana ta cinye launinsu. Kwalin da aka cire kaya a cikinsa shara ne, kowa zubarwa yake yi. Wanda ka ga yana kaffa-kaffa da shi, yana da abin da zai sake sawa a ciki. Kai da ka yi shekara huɗu kana koyon aiki wurin Ammi Bashir ka san haka, sai dai in ka ƙi kallon wajen da gangan. Ni kuwa na sani ne saboda na taɓa cin abinci da irin wannan aikin, kuma shi ne abin da ban taɓa gaya maka ba.

Zan fara daga lokacin da ni aka cuta, don ka ga yadda abin ke somawa. Kana rarrafe a lokacin. Ina tuƙa tsohuwar kat-kat, motar shiga rairayi, ta wani Ba'abzine mutumin Agadas da ke kai baƙi 'yan yawon buɗe ido dutsen Assekrem. Wata rana motar ta fara wata ƙara daga ƙasa, ga shi washegari muna da baƙi. A hanyar kasuwa akwai wani garaji mai babban allo da Larabci da Faransanci, an rubuta dubawa kyauta, kaya na asali. Ni kuwa na yi lekkol har aji shida, ina ganin na fi sauran direbobi wayewa, su da sai sun yi tambaya kafin su shiga wuri. Na karanta allon da kaina ina jin daɗi, na kutsa da motar mutane ciki. Mai wurin muna ce masa Mai Zobe, don kusan kowane yatsa nasa da zobe, kuma ban taɓa ganin baƙin mai a hannunsa ba. Na miƙa makulli, na tafi cin abinci da sallar azahar.

Da na dawo la'asar, sai na tarar da akwatin giya a ƙasa, an baje cikinsa a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya. Na ce wa ya sa su, ni dubawa na kawo. Mai Zobe ko tashi bai yi daga kujerarsa ba, ya ce:

"Dubawar kyauta ce, mun kuma duba. Mayarwa ce ba kyauta ba. In ba ka so, kwashe kayanka ka tafi."

Ina zan kai akwatin giya a tabarma? Na yarda da abin da ya yanka. Ban ce a ba ni faktir ba, takardar nan mai hatimi da ke nuna aikin da aka yi da abin da aka biya. Ban ce a nuna mini tsofaffin kayan da aka ce an canza ba. Bayan kwana uku ƙarar ta dawo yadda take. Ba'abzinen ya kai motar wurin wani dattijo mai ƙaramar rumfa babu ko allo, shi ne Ammi Bashir ɗin nan naka. Dattijon ya kwanta a ƙarƙashinta, ya ɗaure noti guda na salansa da ya kwance, ƙara ta ɗauke. Ba'abzinen bai zage ni ba, hannu kawai ya miƙo na sa masa makullinsa.

To ka ji. Duk inda ka samu kanka da sifana a hannu, kada ka kwance noti ko ɗaya sai mai mota yana tsaye ya ji abin da za ka yi da abin da zai biya, ya ce ya yarda. In ka buɗe ka tarar da wata cutar daban, ka ajiye sifana ka nemo shi. Abin da ka cire kuma ka damƙa masa a hannu, nasa ne, ko da zubarwa zai yi a bakin ƙofa. Kalmar "kyauta" da aka rubuta don a ja mutum ciki a kwance masa mota sata ce, ko da an rubuta ta da harshe uku.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, don na farkon wauta ce, wannan kuwa da idona biyu na shiga. Na koma garajin don in yi masifa. Na tsaya a tsakar wurin na zazzaga masa da Hausa, na juya Larabci, na ƙarasa da Faransancin lekkol. Mai Zobe ya bar ni har na gaji, sannan ya sa aka zuba mini shayi. Ya ce mai baki irin nawa bai kamata ya zauna babu aiki ba. Direbobin da ke tasowa daga kudu ba sa jin Larabci sosai, ba sa yarda da baƙon ido, amma za su yarda da nasu. In na kawo mota, yana ba ni la'ada. A lokacin kwana biyu tukunya ba ta hau wuta a gidanmu ba. Ba ina faɗa maka haka don ka ce ina da uzuri ba ne. Maƙwabtanmu ma yunwar suke ji, suka tafi ɗaukar bulo a wurin gini, ni na zaɓi inuwa da shayi.

Ka san yadda nake aikin? Ina zuwa tashar da motocin kudu ke sauka in tsaya kamar mai jiran wani. Da direba ya buɗe baki na gane garinsu daga harshensa. Sai in matsa in yi sallama, in tambayi mutanen gida, in ce ai kakata 'yar can ce. Na yi kaka a Tasawa, na yi kaka a Dakwaro, na yi a Mirriya, Allah ya jiƙan kakata ta gaskiya da ba ta taɓa barin ƙauyenmu ba. Mu zauna mu ci abinci kwano ɗaya. Sai can in ce, af, na ji injinka kamar yana tari, akwai wani wuri da ni kaina nake kai tawa. Ni da ko keke ba ni da shi. In mutum ya yi ɗan jim, sai in ce wallahi, shi ke nan ya biyo ni.

Mai Zobe ya san abin da yake yi da ya zaɓi mutanenmu. Garin nan akwai buro, ofishin hukuma da ake kai ƙarar ɗan kasuwan da ya cuci mutum, kuma ɗan gari in aka taɓa shi can yake nufa da faktir ɗinsa a hannu. Amma wanda ba shi da takardun zama ba ya zuwa ƙofar buro, ko jandarma ya hango daga nesa sai ya canza layi. Ba a ba shi faktir, shi ma ba ya tambaya. In gyaran ya lalace, yana can tsakiyar sahara, wa zai dawo nema? Shi ya sa garantin da ake yi masa da baki bai taɓa cin ko sisin mai garaji ba.

Yanzu ka tambayi kanka, Laminu. Garin nan cike yake da makanikai da suka fi ka shekaru da hannu. Me ya sa maigidan naka ya tsallake su ya ɗauko ka, ya ninka maka abin da Ammi Bashir ke ba ka, kuma aikin farko da ya sa ka bai shafi inji ba, waya ya miƙa maka? Ba sifanarka ya saya ba. Hausarka ya saya, da sunan gidanmu, da yadda mutanen unguwar nan suka san ka a sahun gaba a masallaci. Wanda ya ji muryar nan ba garajin ya yarda da shi ba, da kai ya yarda. Ranar da abu ya ɓaci kuma sunan da zai ambata naka ne. Kada ka rantse a kan kwalin da ba kai ka yanke ledarsa ba, kada kuma ka kira mutum ɗan'uwa alhali aljihunsa kake kallo.

Ban yi wata biyu a wurin ba na ga bayan garajin. Ana sayo matattun kaya daga masu tara tsohon ƙarfe, a jiƙa a gazuwal, a goge da buroshi, a fesa baƙin fenti, a shanya, a sa a kwali. Wani lokacin ma kayan mutum za a cire da safe a wanke a mayar masa da yamma, ya biya kuɗin sabo, ya yi godiya. Na gani da idona, na ɗauke kai. Da abin ya dame ni sai na je wurin malamin da ke karantar da mu bayan magariba. Na tambaye shi ko la'adar da dillali ke karɓa in ya haɗa mai saye da mai sayarwa halal ce. Ya ce halal ce, in babu yaudara a ciki. Na riƙe rabin farko, na bar masa rabin ƙarshe a kan buzunsa, na tashi. Duron gazuwal da fentin ban ambata masa ba, don na san abin da zai ce. Har yau in na tuna wannan tambayar kunya nake ji fiye da komai, domin Allah na so in yi wa wayo. In za ka tambayi malami, ka kai masa maganar duka har da wurin da ke wari. In kuwa ka ji kana rage wani abu kafin ka isa, to ka riga ka san amsar, ka huta da tafiyar.

Saura abu na ƙarshe, kuma shi ne ya hana ni barci tun ranar Talata. Ka tuna kawunka Habu, ƙanen Innarka? Kana da shekara shida ko bakwai lokacin. Shi ne mai ɗora ka a cinyarsa ya ba ka sitiyari kana juyawa mota na tsaye. Yana da tsohuwar motar ɗaukar kaya, yana kai dabino da taliya kudu, ya haɗa da 'yan fasinja a sama. Abokin wasana ne, kullum yana tsokanata wai yayarsa ta yi asarar aure, ni kuma in ce ya fara biyan kuɗin tuwon da yake ci a gidana. Ina son yaron nan ƙwarai.

Da zafi ya shigo a shekarar, famfon ruwan injinsa ya fara ɗiga. Ya ce zai kai wa Ammi Bashir, amma dattijon ya ce sabo na gaske sai an aiko daga arewa, ya jira mako guda. Habu kuwa ya riga ya yi lodi. Ni na ce masa ya zo wurinmu, akwai a ajiye. Na kai shi da kaina. Na ja Mai Zobe gefe na ce wannan ƙanen matata ne, ba irin sauran ba ne, a sa masa na gaske. Ka ji abin da na ce? Ba irin sauran ba. Wato sauran na san abin da ake sa musu, kuma na yarda. Mai Zobe ya dafa ƙirjinsa ya ce in kwantar da hankalina. Aka kawo kwali mai kyau aka nuna wa Habu. Ya ɗan juya shi a hannu, ya dube ni ya ce:

"Yaya Ma'azu, in kai ka tsaya a kai, ni mi zan duba?"

Ban tsaya a kai ba. Aka ce mini wasu motoci sun iso tasha, na ce masa ina zuwa, na tafi farauta. Da na dawo an ɗaura, an rufe, yana wanke hannu. Da yamma Mai Zobe ya ba ni la'adar motocin ranar, har da ta Habu a ciki, na karɓa na sa a aljihu. A tunanina macuci yana ware wani lungu mai tsabta don mutanensa. Ba ya warewa, Laminu. Wanda ya saba sa tsoho a sabon kwali ba shi da wani kwalin daban da ya ajiye don surukin ɗan kamashonsa.

Sun tashi da asuba. Saboda fasinjojinsa ba su da takardu, ya bar kwalta ya bi ta bayan duwatsu kamar yadda ake yi. Famfon ya saki tun kafin rana ta take. Waɗanda ke cikin motar sun ba ni labari daga baya, sun ce ya yi ta ɗura wa injin ruwa yana matsawa kaɗan-kaɗan, har ya fara taɓa ruwan shansu, sannan injin ya kama gaba ɗaya. Ya bar musu sauran ruwan, ya ɗauki gora ɗaya ya ce zai taka zuwa kwalta ya nemo taimako. Su wata babbar mota ta tsince su a rana ta biyu, da ransu. Shi sai a rana ta uku aka same shi.

Da aka jawo motar garin nan, na je ni kaɗai na buɗe injin. Na sa farcen babban yatsana na kankare jikin famfon, baƙin fenti ya taso, tsatsa ta bayyana. Na ci gaba da kankarewa har na kai ga sara biyu na cizal, an goge su da dutsen washi amma ba su ɓace ba. Ka san saran nan, kai ma ka yi shi da hannunka sau da yawa. Shi ne wanda Ammi Bashir ke yi wa duk kayan da ya mutu kafin ya jefa shi cikin tsohon ƙarfe, don kada wani ya sake ɗaura shi a motar mutane. Famfon da dattijo ya yanke wa hukunci ya jefar, shi aka tsinto aka yi wa wanka aka sa wa ƙanen matata, ni kuma na kawo shi.

Na tafi garajin da famfon a hannu. Na yi niyyar in fasa wa Mai Zobe kai da shi. Ya dube ni ya ce in je in kai ƙara duk inda nake so.

"Za su ce ina faktir, babu. Za su ce wa ya kawo motar, kai ne. Za su ce wa ya ci la'ada a kanta. Je ka, ƙofa a buɗe take."

Babu ƙarya ko ɗaya a maganarsa, karo na farko ke nan tun da na san shi. Na juya na fita, ban sake komawa ba. Washegari na bi maƙwabta wurin gini, na ɗauki bulo har bayana ya lalace, abin da ya kamata in yi tun farko. Mai Zobe kuwa bayan shekara biyu ya sauke allonsa ya koma wani gari, na ji an ce ya ɗaga wani da sabon suna. Babu abin da ya same shi. Kada ka zaci duniya tana kama irinsu da wuri, ba ta kamawa, shi ya sa nake jin haushin duk wanda ya ara musu baki.

Da na dawo gida ranar da na kai famfon garajin, Innarka na zaune cikin masu ta'aziyya. Ta tambaye ni me ya sami motar, ai ta ji an ce an gyara ta kafin su tashi. Na ce mata tsohuwar mota ce, ga zafi, kwana ne ya ƙare. Kwana ya ƙare kam, wannan gaskiya ne, amma na fake da ita ne. Ta ce Allah ya saka mini da alheri da na tsaya wa ƙanenta a kan gyaran. Shekara goma sha biyar ke nan tana dafa mini abinci, tana wanke mini kaya, duk azumi tana yin sadaka da sunan Habu ta ba ni in kai masallaci, ni kuma ina karɓa ina kaiwa. Da ka isa koyon sana'a na kama hannunka na kai ka rumfar Ammi Bashir, ba don ya fi kusa ba. Na so ko mutum ɗaya daga gidan nan ya koyi aikin mota a wurin da ake sare mataccen kaya. Shi ne yau ka bar shi don an nuna maka fitilu da ninkin albashi.

Ban hana ka tafiya ba. Kai namiji ne, shekarunka ashirin da biyu, kuma In Gezzam na bukatar bakanike mai tsoron Allah fiye da nan, don daga can sai sahara. Amma kafin ka hau mota ranar Asabar ka je wurin maigidan naka. Ka shiga ɗakin kayansa, ka zaɓi kwali da hannunka, ba wanda zai miƙo maka ba, ka buɗe, ka sa farce. Ka ce masa a reshen da za ka riƙe kowace mota za ta fita da faktir mai hatimi, da garantin a rubuce, ko mai ita yana da takardu ko ba shi da su. Ka ce in na hannu ne za a sa wa mutum, za a gaya masa na hannu ne, a karɓi kuɗin na hannu, wannan ba laifi ba ne. Ka kalli fuskarsa lokacin da kake faɗa. In ya yarda, kuma farcenka bai taso da fenti ba, zan je da ƙafata in ba shi haƙuri a gaban ma'aikatansa. In kuwa ya yi dariya ya ce kai yaro ne ba ka san kasuwa ba, to ka ɗauki wayar nan taka ka sake yin wata muryar. Ka ambaci sunanka da nawa, ka ce ka janye abin da ka faɗa, ka tura ta duk inda ta farkon ta shiga. Za a yi maka dariya a wurin mai shayi mako ɗaya ko biyu, za ka rasa aikin, Ammi Bashir kuma zai yi maka faɗa kafin ya mayar da kai. Kana jin Larabci da Faransanci, kana da takardunka. In wani namu ya zo maka an cuce shi, ka rubuta masa abin da ya faru, ka raka shi buron, ka yi masa magana. Abin da ya kamata in yi da bakina ke nan.

In ka ƙi, ka tafi da muryar nan tana yawo a wayoyin mutane, ba zan yi maka baki ba, Allah ya kiyaye. Amma kada ka aiko mana da komai daga can, ko sukari ne. Na taɓa ciyar da ku da irin wannan kuɗin, ba zan bari a ciyar da ni da shi ba.

Ba zan nemi ka yi abu mai wuya ni in zauna a inuwa ba. Ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci zan zaunar da Innarka in gaya mata wanda ya kai Habu garajin nan, da abin da na gani a ƙarƙashin fentin, da abin da na sa a aljihu. Ina so kana wurin. Ban san abin da za ta yi ba. Mai yiwuwa ta tattara kayanta ta koma Tanut wurin danginta, kuma in ta yi haka babu wanda zai ga laifinta, ni ma ba zan tare ƙofa ba. Ina tsoron ranar nan fiye da yadda na taɓa tsoron wani abu. Amma gara ka ga fuskarta da idonka lokacin da take ji, kafin ka sake ce wa wani "ɗan'uwana" a waya.

Allah ya yi maka albarka, ya shirya ka, ya ba ka halal ko kaɗan ce ya sa ta ishe ka. Allah ya tsare hanyarka, ya kai duk motar da ta fita daga hannunka inda za ta, da duk wanda ke cikinta, ya mayar da su ga iyalansu. Allah ya jiƙan Habu, ya yafe mini. Ni kuma ka roƙa mini Allah ya ba ni bakin da zan gaya wa mahaifiyarka. Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Ma'azu.